Yadda Za Ki Canza Wa Motar Mijinki Fulogi Kafin Tafiyar Sallah Ba Tare Da Ya Sani Ba

In mijinki yana da tsohuwar motar gudu wadda ta girmi aurenku da shekara ashirin, kuma a cikinta yake nufin ya kai ki gida sallah da jaririya, sauke tukunyar nan ki zauna. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan a jere, 'yarki za ta isa hannun kakarta cikin sanyi, ba ƙurajen zafi, ba shiɗewar kuka. Mijinki kuma zai isa da girmansa ko ƙwarzane babu. An gwada an gani. Maƙwabciyata Izzati ce ta gwada a ƙaramar sallar bara, daga Shah Alam har Kota Bharu, da 'yarta Damia 'yar wata biyar a kujerar baya.

Mataki na 1: Ki bar shi ya gama bayani

Saura kwana goma sallah, Hairul, mijin Izzati, ya shigo rungume da kwali biyu kamar an miƙo masa jinjiri a asibiti. Ɗaya na fulogi huɗu, ɗaya na jajayen wayoyin fulogi masu kaurin yatsa.

"Zati, zo ki gani. Lamba tara! Irin na filin tsere."

"Littafin motar lamba nawa ya ce, Abang?" in ji ta, don haka mata suke kiran mazajensu a nan.

"Littafi kuma? Ai shi don masu kai yara makaranta aka rubuta shi."

"Mu ma yarinya za mu kai."

"To shi ya sa. Kafin ta farka mun isa."

A nan mata da yawa suke ɓata aiki, sai su tsaya gardama. Kar ki fara. Namijin da hoton mota ne a fuskar wayarsa, hoton 'yarsa kuwa sai an buɗe an nema, ba a cin sa da baki. Ki ce masha Allah, ki shafa kwalin, ki riƙe lambar a kanki.

Mataki na 2: Ki tambayi wanda ba ɗan ƙungiya ba

Duk mai irin wannan motar yana da ƙungiya, duk ƙungiya kuma tana da shugaba. Na su Hairul sunansa Rizuan, mutumin da bai taɓa kwance inji ya mayar ba sai noti biyu sun yi saura a hannunsa. Shi ya yi musu odar lamba tara. Kar ki je wurinsa.

Izzati ta goya Damia a ƙirji ta tafi shagon Kawu Loke, tsohon da ke sayar da kayan mota a bayan kasuwa tun kafin a haife ta.

"Tara?" in ji Kawu Loke. "Ina zai je, duniyar wata?"

"Kota Bharu, Kawu. Ranar jajibiri."

Tsohon ya yi dariya har ya sarƙe. "'Yar nan, hanyar Gua Musang ranar jajibiri, tsohuwa da sanda sai ta wuce ku. Awa goma sha uku kuna giya ɗaya. Shi lamba tara mai sanyi ne, sai inji yana kururuwa yake ɗaukar zafin da zai ƙone dattinsa. A cunkoso baƙi zai tara, ya jiƙe da mai, mota ta kama rawar ɗari, ta mutu. In ta mutu, esi mai sanyaya ku ma ya mutu."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce duk ilimin kanikancin da uwa take buƙata. Ki haddace ta.

Sai ki sayi lambar da littafin motar ya ce. A tasu shida ce. Ki sa mai shago ya auna miki 'yar ratar da ke bakin kowane fulogi ya daidaita ta a gabanki. Kuma saiti biyu za ki saya. Ba kya fita da yaro da wando ɗaya, kar ki fita da mota da fulogi saiti ɗaya.

Mataki na 3: Ki bar masa wayoyinsa

Kar ki yi zalama. Fulogi a cikin inji yake, ba mai ganinsa. Waya kuwa da an ɗaga bonet ita ke gaisuwa da mutane. In kika raba namiji da jan waya, me zai nuna a gidan mai?

Abu biyu kawai za ki duba. Tsawonsu ya yi daidai da na tsofaffin, kar wata ta kwanta a kan ƙarfe mai zafi. Kuma su zama irin waɗanda ba sa sa rediyo shuu-shuu, don in rediyo ya lalace mijinki ne zai riƙa yi muku waƙa har Kota Bharu. Kawu Loke ya duba hoton wayoyin Hairul a wayar Izzati ya ce, "Ba sa ƙara gudu, ba sa ragewa. Ja ne kawai." Shi kenan, sun ci jarrabawa.

Mataki na 4: Musanya

Ranar Juma'a, da ya tafi masallaci. Ki buɗe kwalinsa ta ƙasa, ki zare lamba tara, ki jera lamba shida, ki mayar da bakin yadda yake. Nasa ki zuba su a tsohon gwangwanin madara ki ɗora a saman kabad. Saiti na biyu kuma ki cusa shi can ƙasan jakar kayan jaririya, ƙarƙashin ledar da ake ƙulle wandon da ya ɓaci. Tun da aka fara aure a ƙasar nan ba a taɓa jin hannun namiji ya kai wurin ba.

In zuciyarki ta fara yi miki wa'azi, ki taɓa wuyan 'yarki, ki tuna rana tsaka a gefen titi.

Mataki na 5: Ranar ɗaurawa, ke za ki riƙa miƙo masa

Lambar a rubuce take a jikin farin tangaran ɗin fulogin. Ki ciro kowanne da kanki, babban yatsanki a kan lambar, ki sa masa shi a bakin sifana. Da wuya ya duba, shi kwali yake ɗauka hoto ya tura wa 'yan ƙungiya.

Azumi ake, don haka ba ƙarya. Ba kya ma buƙatarta. Ki yi shiru kawai, zai cika wurin da magana.

"Kin ji nauyinsa, Zati? Na gaske daban yake."

"Na ji, Abang. Fara murzawa da hannu kafin ka sa ƙarfi."

Wayoyin kuma ɗaya-ɗaya ake canza su: a cire tsohuwa, a sa sabuwa a gurbinta, sannan a taɓa ta gaba. Hairul ya so ya fizge huɗun gaba ɗaya don hoton ya fi kyau. Izzati ta ɗauko takardar da take liƙa wa kwalaben nono, ta rubuta ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta manna wa kowace. Ya ce tana mayar masa da inji ɗakin raino. Da ya murza makulli motar ta tashi sumul, sai ya dafa bonet ya lumshe ido.

"Kin ji? Lamba tara kenan."

Ki ce masha Allah.

Mataki na 6: Ki tambaya da su wa za ku tafi

Nan Izzati ta yi sake, ni kuma ba zan ɓoye miki ba, don kar ki maimaita. Ta gyara mota ɗaya, ta manta 'yan ƙungiya ba sa tafiya gida sallah su kaɗai. A jere suke tafiya, kuma a gilashin bayan kowace mota an manna dokarsu: ba a barin ɗan'uwa a hanya.

Mota uku suka tashi bayan sallar asuba. Kafin azahar sun shiga cunkoson Gua Musang, ana taku biyar a tsaya. Motar Hairul tana ta kurɗawa lafiya lau, esi yana busawa, Damia tana barci baki buɗe. Sai motar Rizuan da ke gabansu ta fara tari. Ta yi aman baƙin hayaƙi, ta yi rawa, ta yi shiru. Aka tura ta gefe. Hairul ya kunna sigina ya bi ta.

"Abang, ina za ka?"

"Ba ki karanta gilashi ba?"

Man da ke tankinsa bai kai kwata ba, gidan mai kuma da nisa, don haka ya kashe inji. Esi ya ɗauke.

Da injin motar Rizuan ya ɗan huce, sai ya kwance fulogi ɗaya. Baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf.

"Tare muka yi oda fa," ya ce. "Me ya sa naka bai yi haka ba?"

"Hannu ne, shugaba," in ji Hairul. "Ɗaurawa ma ilimi ce."

Aka goge da buroshin haƙori, aka mayar. Ba ta tashi ba. Aka kira mai janwe, ya ce awa huɗu in Allah ya so, don shi ma yana cikin layin. Kak Maz, matar Rizuan, tana zaune a kan ƙarfen gefen titi tana yi wa yaranta biyu fifita da murfin kwalin kek.

A kujerar baya Damia ta farka. Gashinta ya manne a goshi, wuyanta ya yi ja, ta fara wannan siririn kukan da ba na yunwa ba.

Mataki na 7: In ya kama ki tona kanki, a hannun mijinki za ki tona

Izzati ta zazzage jakar a kan kujera, ta ɗauko fulogi huɗu, ta saɓa Damia a kafaɗa ta fito. Ki lura, ba ta miƙa wa Rizuan ba. Da ta yi haka, da ta gyara mota ta ɓata gida. Gaban Hairul ta je ta buɗe masa tafin hannu ta zuba.

"Abang, ga su."

Iyakar abin da ta ce kenan. Hairul ya juya ɗaya ya ga lamba shida, wannan karon ba yatsa a kai. Ya dubi bonet ɗin motarsa. Ya dubi matarsa. Ya dubi jan wuyan 'yarsa, ya daɗe a nan. Sannan ya gyara murya ya juya wajen Rizuan.

"Na ko-ta-kwana ne. Kullum nakan sa a riƙe mini."

Wannan tsakaninsa da azuminsa ne, ba ruwanki.

"Shida?" Rizuan ya yamutse fuska. "Haba Hairul, a motata? In 'yan ƙungiya suka ji fa?"

"Rizuan," in ji Kak Maz daga kan ƙarfe, ba ta ko ɗaga murya ba, "ka ɗaura, ko in kwashi 'ya'yana in tari bas, ka je ka gaya wa uwarka inda ka baro jikokinta."

Ya ɗaura. Murzawa ɗaya motar ta tashi.

Mataki na 8: Ki bar shirun ya yi aikinsa

Hairul ya riƙe sitiyari da hannu biyu har suka wuce Kuala Krai. Esi yana busawa, Damia ta sha nono ta koma barci. Kar ki ba da haƙuri, kar kuma ki ce ai na gaya maka. Ki kalli gonakin roba.

Can ya ce, idonsa a kan titi, "Lamba nawa ne a motata?"

"Shida, Abang."

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a."

Aka yi tafiyar kilomita biyu.

"Wayoyin fa?"

"Naka ne. Ko taɓa su ban yi ba."

Ya sauke numfashi kamar wanda likita ya ce masa ƙafa ɗaya kawai za a yanke. "To. Kar ki gaya wa Rizuan."

Ana kiran magariba suka tsaya a ƙofar gidan mahaifiyarsa, wadda suke kira Mak. Mak ko gaisuwar ɗanta ba ta amsa ba, ta buɗe ƙofar baya ta ciro jikarta, ta cusa hanci a wuyanta.

"Kai, sanyi ƙalau kamar daga firiji. A cikin akwalar nan?"

"Fulogi ne, Mak," in ji Hairul. "Sai wanda ya sani."

Bayan an sha ruwa ya tura wa 'yan ƙungiya hoton kwalinsa, ya rubuta a ƙasa: awa goma sha uku a cunkoso, ko tari ba ta yi ba. Kafin a sauko daga idi mutum goma sha biyu sun yi odar lamba tara.

Sanarwa

Ni dai uwa ce, ba makanikiya ba. In mijinki irin masu karanta jikin fulogi ne, ko masu wanke jakar jaririya da kansu, Allah ya bar ku tare, amma ba da ke nake ba. In kika haɗa wayoyi a karkace motar ta yi harbi kamar bindiga, ban san ki ba, ban taɓa ganinki ba. Motoci goma sha biyun nan da za su hau hanyar Gua Musang a jajibirin bana kuwa, kada wanda ya ɗora mini alhakinsu, ba ni na tura hoto ba. Matan masu su, in akwai jariri a kujerar baya, su zo bene na huɗu, ƙofa ta biyu daga dama, ranar Juma'a bayan an tafi masallaci. Kowace ta zo da gwangwanin madararta.