Yadda Za Ka Yabi Albam Ɗin da Ba Ka Saurara Ba

Ɗan'uwa, na san halin da kake ciki. La'asar ta yi sanyi, an hallara a rumfar Maikuɗi mai cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kwatar Warra, kowa na faɗin albam ɗin da yake ji a 'yan kwanakin nan. Layi na ta matsowa kanka, kai kuwa rabonka da jin waƙa daga farko har ƙarshe tun bikin ƙanwarka. Kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan yadda na tsara su, na yi maka alkawari kafin a kira magariba za a riƙa neman ra'ayinka a kan mawaƙan da ko sunansu ba ka iya faɗa daidai ba. Na koyar da masunta, na koyar da 'yan kabu-kabu, har da wani malamin firamare, duk sun ci riba. Mutum ɗaya ne abin ya kwaɓe masa, Cindo mai jirgin fasinja, kuma da shi zan riƙa kawo maka misali don ka gani da idonka cewa matsalar ba daga darasina take ba.

1. Zauna a ƙarshen benci

Kada ka kuskura ka fara magana. Bari masu zumuɗi su fara zuba, kai kuma ka riƙa tsintar abin da ya faɗo daga bakinsu kana adanawa. In ka ga layi ya kusa zuwa kanka ba ka tara komai ba, ɗaga hannu ka kira Rachel mai suyar kifi ta zuba maka. Babu mai hankalin da zai matsa wa mutum da tambaya alhali bakinsa cike da ƙaya. Ka tauna a hankali, kana kallon ruwa kamar mai zurfin tunani, har a wuce ka.

2. Haddace 'yan kalmomin nan

"Akwai saƙo a ciki." Wannan tana shiga kowane albam, ko na soyayya ne, ko na coci, ko na yabon ɗan siyasa. "Kiɗan ya zauna." Ba wanda ya san inda kiɗa ke zama, saboda haka ba wanda zai musa maka. In aka takura ka, ka runtse ido ɗaya ka ce, "Sai kun ji shi da iyafis." Nan take kowa zai fara zargin kunnensa.

Akwai kuma babbar yayarsu: "Na farkon ya fi." Ita wannan tana sa a ɗauke ka tsohon hannu, amma ka fara bincikawa ko mawaƙin yana da na farkon. Wani ɗalibina ya faɗe ta a kan yaron da jiya-jiya ya fara shiga sitidiyo, sai da muka yi da gaske kafin muka shawo kan majalisa.

3. Idan mawaƙin abokinka ne

Nan aikin yake da haɗari, nan kuma labarin Cindo ya fara. Sunday yayan Rachel abokin Cindo ne tun suna yara suna kamun kifi da tsumma a gaɓa. Makanikin injin jirgi ne, ranar Lahadi kuma shi ke buga piyano a cocinsu. Ya daɗe yana burin yin albam, ya yi ta zirga-zirga zuwa wani sitidiyo a Yelwa har Allah ya nufa aka gama. Kafin ya kai wa Maikuɗi don a riƙa tura wa mutane, sai da ya biyo ta jirgin Cindo, ya danƙa masa memori a hannu.

"Ga shi, kai na na hwarko," in ji Sunday. "Ka ji shi har ƙarshe, ka ji ko?"

Cindo ya rungume shi, ya sa albarka, ya soke memorin a naɗin hularsa. Har nan bai yi kuskure ba, haka nake koyarwa. Ka rungume, ka yi addu'a, ka yabi hoton da aka ɗauka na talla, ka ce rigar ta karɓe shi.

Kada ka ɗauka ƙiyayya ce ta hana Cindo saurare. Tsoro ne. Yana son Sunday, yana kuma fargabar ya kunna ya tarar da waƙoƙin ba daɗi, ya rasa yadda zai kalli idonsa. Sai ya ga gara ya yabi abin da bai ji ba, don ko ba komai zuciyarsa ba za ta ƙaryata bakinsa ba. Ni kaina ban taɓa jin hujjar da ta kai wannan tsari ba.

4. Ji farkon waƙar farko, ka tsaya nan

Ba na hana ka saurare gaba ɗaya, ni ba azzalumi ba ne. Kunna waƙar farko, ka ji daidai inda kiɗa ya tashi, ka kashe. Wannan ɗan guntun ya ishe ka guzuri. Duk lokacin da mawaƙin ya tunkaro ka, ka riƙa yin sa da hanci kana gyaɗa kai kamar ba ka gan shi ba.

Sai dai ka nemi wurin da ba hayaniya. Cindo a tsakiyar ruwa ya kunna nasa, inji na ruri a bayansa, wata mata na faɗa da mai buhun gero a kan wurin zama. Da yamma ya zo majalisa ya ce shi abin da ya fi burge shi a albam ɗin shi ne wannan gurnani mai kauri da ke tafiya a ƙarƙashin kiɗan ba ya yankewa. Sunday ya shiga tunanin ko a ina ya sa gurnani. Maikuɗi, da yake ba ya son a bar shi a baya, ya ce shi ma ya lura da wurin.

5. Yi hattara da mai saurare na gaskiya

Kowace majalisa tana da irinsu guda, kuma su ne annobar sana'armu. A tamu Rachel ce. Tana suya sifika na gefenta, babu baitin da ke wuce ta, kuma ba ta iya tambaya a dunƙule ba, sai ta ware. In ta ce maka wace waƙa ta fi, ka ce ta tsakiya. Kowane albam yana da tsakiya.

Ran nan tana juya kifi ta ɗago ta dubi Cindo.

"Yaya Cindo, ta ƙarshen hwa? Mi ka gani?"

Na ga Sunday ya bar abin da yake yi ya kasa kunne. Na ce yau asiri zai tonu. Amma Cindo ya ajiye ƙayar da ke hannunsa, ya girgiza kai a hankali ya ce, "Ta ƙarshe ai ba a magana."

"Ashe ka ji ta," in ji Sunday, murya ƙasa-ƙasa. "Shi na ba ka ce min komi ba?"

"Mi zan ce, Sunday? Abin ya hi ƙarhin baki."

Wallahi na yi alfahari da shi a ranar. Ka rubuta amsar nan ka ajiye, ban taɓa samun ɗalibin da ya yi irinta ba. Sunday ya kama hannunsa ya riƙe ya ƙi saki, ya tafi gida yana fara'a har kunne.

6. In an fara kiran ka da sunan da ba ka sani ba, yi murmushi

Maikuɗi ya shiga tura albam ɗin a wayoyin mutane, ya bazu daga kwata zuwa kasuwa har ƙauyukan ƙetare. Ba a jima ba Cindo ya lura da wani abu. Fasinja zai shigo jirgi ya ce, "Sannu da aiki, Dorina." Masu dako su ɗaga masa hannu, "Dorina, an iso lahiya?" Har wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya ta dafa kafaɗarsa ta ce Allah ya yi wa Dorina albarka.

To, Cindo mutum ne mai jiki. Yana da tumbi, wuyansa kuma ba wani tsawo gare shi ba. In ya zauna a bayan jirgi gaban yakan ɗan ɗaga. Saboda haka bai ɓata lokaci wajen gano abin da ake nufi ba. Ya daina sayen kifin Rachel, ya koma sa babbar riga cikin zafi, yana tuƙi yana riƙe numfashi.

Ka'idar a nan mai sauƙi ce. Duk abin da ba ka gane ba, ka yi murmushin wanda ya riga kowa ganewa. Kada ka tambaya, kada ka yi fushi. Na faɗa wa Cindo haka, akwai shaidu.

7. Kada ka kawo ƙara majalisa

Rannan an cika rumfa har da Sunday, ana cikin musu a kan wani sabon albam da aka kawo daga Kwantagora, sai ga Cindo ya hauro daga kwata yana huci. Ko sallama bai ƙarasa ba.

"Ni dai yau sai an gaya min wa as sa min sunan ga! Dorina, Dorina, ko'ina Dorina! Yara na hwaɗi, tsohi na hwaɗi. Mi ni yi ma mutane? Tumbina a gidan uban wa ni ci shi? Duk wanda yaf fara wanga suna ba shi da aikin yi, kuma ba shi da mutunci, kuma in na san shi, ni da shi har abada!"

Maikuɗi ya sunkuya yana gyara wayar cajin da ba abin da ya same ta. Ni kuwa na shiga yi wa Cindo alama da ido, shi kuma ya ɗauka goyon baya nake ba shi, ya ƙara da cewa mutumin ko a lahira ba ya son su haɗu.

Rachel ta tsame ludayinta ta ajiye. Ta ɗauki sifikarta ta dangwarar a kan benci gaban Cindo, ta latsa waƙar ƙarshe.

Muryar Sunday ce, da piyano kaɗai, ba ganga. Yana ba da labarin wata damina da iska ta taso, Innarsa na ƙetare ciwo ya kama ta, masu jirgi duk suka ɗaure jiragensu suka ce ba mai shiga ruwan nan. Mutum ɗaya ya kwance igiya ya je ya ɗauko ta ya kawo ta asibiti, ya koma gida jiƙe sharkaf bai tsaya a gode masa ba. Sai amshi ya shigo, yana cewa ruwa na da mai shi, Dorinar Warra, Cindo ɗan'uwana da Inna ba ta haifa ba.

Waƙa ta ƙare. Duk muka zuba wa Cindo ido. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, abin da ya fito shi ne, "Akwai saƙo a ciki."

A nan zan ja hankalinka: kalmomin mataki na biyu ba a amfani da su bayan an kunna waƙar a gabanka.

Sunday ya miƙe yana kakkaɓe wandonsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Ba komi, Cindo. Ban san ba ka son shi ba." Ya juya wurin Maikuɗi. "In za ka tura ma wani, ka cire ta ƙarshen." Ya ɗauki jakar sifanunsa ya gangara kwata. Tausayi ya kama ni ƙwarai, kuma ni ba na son abin da zai sa ni jin tausayi a bainar jama'a.

8. Kada ka ce za ka gyara

Wanda ya bi matakaina ba zai iso nan ba, amma ga yadda wanda ya iso ya ƙare. Sunday ya bi masu dako da masu kifi da fasinjojin ƙetare ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu su bar kiran Cindo da sunan nan, ba ya so. Mutanen Warra kuwa akwai kara, suka bari ɗif. Cindo ya je ba da haƙuri, Sunday ya ce ai ya wuce. Har yau yana gyara masa inji, yana amsa gaisuwarsa, sai dai ya gama ɗaure kusa ya wanke hannu ya tafi, babu zaman hira a bakin jirgi irin na da.

Shi kuwa Cindo yanzu ya haddace albam ɗin kaf, har inda Sunday ya ja numfashi ya sani. Ya sayi sifika ya ɗaure a jikin jirgi, ya sa mai fenti ya zana masa dorina a gaba, ko da yake mai fentin bai taɓa ganin dorina ido da ido ba, abin ya fi kama da tunkiya mai ciki. In sun kai tsakiyar ruwa waƙar ƙarshe ta zo, sai ya rage wutar inji a hankali don amshin ya fito sosai, ya bi fuskokin fasinja da kallo yana jira.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da alhakin duk wani abin da ya biyo baya, ko kunya, ko ramewa, ko sanyin zumunci. Na koya maka yadda za ka yi magana a majalisa, ban ce akwai sunanka a waƙar ko babu ba, wannan tsakaninka da abokinka ne. Kada ka zo gidana, kada ka aiko matarka, kada ka tare ni a kwata. In kuwa ka shiga jirgin nan mai hoton tunkiya, ka ji inji ya yi ƙasa a tsakiyar ruwa, ka ga mai jirgin ya zuba maka ido, ni ban ce ka kira shi da komai ba. Jiya ma da na shiga, wata mata ce ta gaji da jira ta ce, "Malam Cindo, ƙara wuta mana, kasuwa za ta watse." Ya ce to, ya ƙara.