Rasuwar Gajere, Akwatin da Ya Yi Gadin Tauraruwa

Saura ƙiris wannan sanarwa ta maƙale a maƙogwaron mai ita. Ta ɗauki biro ta ajiye, ta sake ɗauka ta ajiye, domin ita ba mai magana a taro ba ce, ko sallama ta yi a bakin ƙofa sai an ce ta ƙara murya, karatunta kuma a firamare ya tsaya. Amma ta ga gida ya cika da 'yan barka, ana ta taya wata 'yar gidan murna, babu wanda ya ce uffan game da wanda ke kwance a ƙarƙashin gado. Sai ta ce in kowa ya yi shiru, ita ba za ta yi ba.

Saboda haka, da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma mai ɗaci wanda ba a saba ambatonsa a sanarwar rasuwa ba, babbar 'yar marigayi mai gyaran tabarau, wadda gida ke kira Yaya, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk masu ɗaga kai su dubi sama rasuwar abokin aikinta Gajere, akwatin tsaga hasken taurari, wanda ya cika ranar Talata da yamma a saman bene, bayan gajeriyar jinya.

An haifi marigayin a bayan shagon Baba, a kan teburin da ake ɗaura gilashin tabarau. Jikinsa katakon tsohuwar durowa ne. Idonsa na wata kyamara ce da ta riga shi tafiya. Zuciyarsa kuwa wani ɗan gilashi ne da bai fi kan sarki girma ba, mai dubban layuka da suka fi gashi siranta, wanda Baba ya aika aka kawo daga nesa. A kan wannan gilashi doka ɗaya ce a gidan: ba tsumma, ba yatsa, ko numfashi za ka yi ka kawar da kai.

Sana'ar marigayin ita ce a ɗaura shi a gindin madubin hangen nesa, hasken tauraruwa guda ya shigo masa ta wata siririyar kafa, ya faɗa kan zuciyarsa, ya baje kamar bakan gizo, kyamara ta ɗauka. A cikin bakan gizon akwai layuka, wasu masu haske, wasu masu duhu, kuma wanda ya iya karanta su zai san abin da tauraruwar take ciki, kamar yadda uwa ke karanta fuskar ɗanta.

Tauraruwa ɗaya ya yi wa gadi duk rayuwarsa. Ido yana ganinta ɗaya, amma su biyu ne, Baba ya sa musu Ja da Fara. Ja babba ce, mai sanyin jiki, ta kwana biyu a duniya. Fara 'yar mitsitsiya ce mai zafi, tana zagaya Ja tana jan abin jikinta tana ci. Sai a yi shekaru a haka ba a ji komai ba. Ranar da Fara ta ƙoshi sai ta tashi da wani irin haske, duniya ta juyo tana kallonta, kuma ba a taɓa jin wanda ya tambayi wa ya ciyar da ita ba. Baba ya so ya ga wannan tashi da idonsa, Allah bai nufa ba. Ya bar wa Yaya shagon, ya bar mata Gajere, ya bar mata jiran.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da kawaici. Bai taɓa ƙorafin sanyi ba, bai taɓa neman a yaba masa ba. Maganarsa duka uku ce. In an buɗe murfinsa ya ce ƙiiii, wato sannu da zuwa. In an kunna 'yar fitilarsa mai ruwan lemo, wadda Baba ya ciro daga jikin tsohon dutsen guga domin a daidaita ma'auninsa kafin a fara aiki, ya ce zzzz, wato ina jin ki. In hoto ya kammala ya ce kas. Da waɗannan kalmomi uku ya fi mutane da yawa iya hira, kuma shi kaɗai ne Yaya ba ta jin kunya a gabansa.

Duk yammacin da sama ta washe, in ta rufe shago, sai ta ɗauke shi su hau bene. Abin da suka samo ana aika shi ga wata ƙungiya ta masu sa ido irinsu da ke warwatse a ƙasashe, akwai malamin makaranta, akwai direban bas, akwai wani tsohon likitan haƙori da ba ya fashin godiya. Masana masu manyan na'urori ba su da lokacin zama a gaban tauraruwa ɗaya kullum, sai su dogara da abin da irin su Gajere suka tara. To, Yaya ba ta iya yaren da ake rubutu da shi a can ba, ga nauyin baki. Sai ƙanwarta Auta ta riƙa aikawa da nata sunan, ba na Yaya ba. Auta ta ce ai duk ɗaya ne. Yaya ta ce duk ɗaya ne, kamar yadda ta ce ranar da aka ga ɗaya ce za ta riƙe shago, ɗaya ta ci gaba da makaranta.

Game da rashin lafiyar marigayin, akwai saɓani tsakanin iyali da likita.

A watan jiya ne Auta, wadda yanzu take aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, ta shigo da wani kwali. A ciki akwai sabon akwatin tsaga haske, fari fat, na ƙarfe, yana sheƙi, ba ya ko tari. Aka ajiye baƙon kusa da Gajere a kan teburin falo. Mijin Auta ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Yaya, in kin gaji da naki ki ba ni," in ji shi. "Dama ina neman inda zan riƙa zuba burushin takalmi."

Aka yi dariya. Har Inna sai da ta rufe baki da mayafi. Yaya kuwa ta ga yadda kusurwar marigayin ta goge, ta ga tabon shayin da Baba ya bari a murfinsa. Washegari ta sayo baƙin fenti da man ƙyalli. Ta shafe shi ciki da waje, tana kewaye zuciyar a hankali, ba ta taɓa ta ko da gefen burushi ba, domin doka doka ce. Ta rufe murfin nan take don kada ƙura ta manne wa ɗanyen fenti, ta sa masa rigar da ta ɗinka masa tun Baba na raye, ta tura shi ƙarƙashin gado ya huta.

Da ta fito da shi ya yi kyau kamar ango, amma layukansa sun jagwalgwale, kamar mai kallo ta cikin hawaye. Likitan, wato mai gyaran kyamara na bakin titi, ya buɗe, ya sunsuna, ya girgiza kai. Ya ce tururin fenti ne ya rasa hanyar fita ya kwanta a kan zuciyar, kuma wannan gilashi ba a goge shi, ba a wanke shi, irin girmansa ma an daina yi.

Mai sanarwa tana girmama likita, amma ba ta karɓi wannan bayani ba. Marigayin ya ci damina da rani ba adadi bai kwanta ba, sai da aka ajiye masa baƙo a gefe aka yi masa dariya a gaban jama'a. Ita ta san abin da ya kashe shi.

Ranar Talata duk da haka ta ɗauke shi suka hau bene, ko iska za ta yi masa magani. Ya ce ƙiiii, ya ce zzzz, ya ce kas, amma abin da ya fito hazo ne zalla. A gefe Auta na tsaye da baƙonta, takardar koyon aiki a hannu, tana juya shafi.

"Yaya, zo ki ga. Na ɓata wani abu ne? Jan layin nan ya kumbura, shuɗin kuma ban gan shi ba."

Yaya ta leƙa. Ta daɗe tana leƙawa.

"Ba ki ɓata komai ba. Fara ce ta tashi. Aika musu."

A daidai wannan lokaci ake lissafin cikawar marigayin. Ya yi gadin ƙofa shekara da shekaru, baƙuwar da ake jira ta iso, wanda ya zo jiya ya buɗe mata.

Kafin gari ya waye saƙonni sun cika wayar Auta. Likitan haƙorin nan ya rubuta cewa haƙurin da ta yi na tsawon shekaru abin koyi ne ga kowa. Auta tana fassarawa da ƙarfi a falo, ta zo kan kalmar haƙuri sai muryarta ta ragu. Ta ce za ta rubuta ta faɗa musu gaskiya. Yaya ta ce a bar su, ta tashi ta shige ɗaki, tana fatan a biyo ta a matsa mata. Ba a biyo ta ba. Sai da yamma ta ji an ajiye kwalin baƙon a bakin ƙofarta. Auta ce, tana magana ta bayan labule, tana cewa tashin Fara ba na kwana ɗaya ba ne, zai yi makonni, ana son hoto kowace yamma, ita kuma an mayar da ita aikin dare.

"Ni na saye shi, Yaya, amma ba ni ce mai gadin ba."

 Da Yaya za ta fita ta tsallake kwalin kamar kwata.

Marigayin ya rasu ya bar madubin hangen nesa, wanda tun ranar yake jingine yana kallon bango. Ya bar kyamara, da 'yar fitila mai ruwan lemo da har yanzu take cewa zzzz in an kunna ta, ba ta san abin da ya faru ba. Ya bar riga ɗaya. Ya bar Ja da Fara, waɗanda ba su taɓa sanin da shi ba. Ya bar Yaya.

Za a kai shi makwancinsa ranar Asabar da hantsi, a saman kabad ɗin Baba da ke shago, kusa da tsohon ma'aunin ido. Ba za a zuba masa burushi ba, ba za a ba yara shi ba. Za a karɓi gaisuwa a shagon har lokacin tashi. Ana roƙon masu zuwa kada su ce ai ga sabo nan ya fi shi, kada kuma su tambayi ƙamshin fentin mene ne. Mijin Auta yana iya zuwa, amma ya zauna a waje. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya ba wasu kuma ikon tuna wa ya yi jiran.

A nan sanarwar ta ƙare, kuma a nan mai ita ta ajiye biro ta kwanta. Da gari ya waye ta ɗaga labule, kwalin yana nan inda aka bar shi, raɓa ta sauko ta tagar baranda ta jiƙa masa kusurwa. Ta tsaya tana hararar sa. Sannan ta ja tsaki, ta janyo shi ciki, ta cire wa Gajere rigarsa ta gwada wa baƙon. Rigar ta matse shi. Ta ɗauko reza ta farke ɗinkin gefe, ta ƙara wani ƙyalle da bai dace da launin ba, ta ɗinke. Ta leƙa falo ta ce wa Inna, in Auta ta dawo daga aiki kada ta kwanta sai ta nuna mata gurbin da ake rubuta suna in za a aika wa ƙungiyar hoto.

Rigar ba ta yi wa baƙon kyau ba ko kaɗan. Yaya ta ja baya ta dube shi da kyau, ta ji sanyi a ranta.