Ribar Fari a Kundin Baƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tuhumi baƙo a gaban jama'a kan laifin da hannuna ya rubuta ba.

Ni ne jami'in jarrabawa a wata sakandare a Rano, kuma a iya aikina ba a taɓa kama ni da kuskuren maki ba. Da muka kafa ƙungiyar ces, wato darar Bature, sai na roƙi Shugaban makarantar mabuɗin ɗakin kwamfuta domin in haɗa wa manhajarmu mai buga ces kundin buɗe wasa. Wannan kundi shi ne jerin tafiye-tafiyen farko da manhaja ke bi ido rufe, ba ta fara tunanin kanta sai ya ƙare. Shugaba ya ce, "Malam, in ta ci mutanen Kibiya, mabuɗi naka ne. In ba ta ci ba, ka ajiye mini shi."

Na samo tarin matsayin wasa da kwamfuta ta riga ta nazarta, kowanne da makinsa, wani da alamar tarawa, wani da ta ɗebewa. A ƙa'idar aikina, tarawa ci gaba ce, ɗebewa kuwa hukuncin mai satar amsa. Saboda haka na zaɓi duk tafiyar da ta fi tarawa, ga ɓangaren fari da na baƙi baki ɗaya, na share sauran. (Gwajin da na yi kuwa duk fari na ba manhajar, domin fari ke fara tafiya, a ganina kuwa babba ke farawa.)

Ranar karawa, Malam Sabi'u, malamin lissafi daga Kibiya, ya zo da ɗalibansa. Ƙuri'a ta ba shi fari, manhajata ta ɗauki baƙi. Na gabatar da jawabi kan ilimin zamani, wanda ba wanda ya nema.

Ya tura sojansa. Manhajata ta tura sojan da ke gefen sarkinta. Ya sake turawa, ta tura na biyun, ta bar sarki a fili kamar rumbu ba murfi. Malam Sabi'u ya dube ni, ya dubi allo, ya zuro sarauniya ta kusurwa. Sarki ya rasa mafita, wasa ya ƙare, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Na miƙe na ce wa Shugaba, "Ranka ya daɗe, ina son a rubuta cewa an taɓa wannan na'ura."

Malam Sabi'u ya ce, "An taɓa ta kam. Mu ga kundin, Malam."

Ya duba, ya yi gyaran murya. "Wannan makin da idon fari ake karanta shi. Tarawa ribar fari ce, ɗebewa ribar baƙi. Kai ka zauna ka tsince wa baƙi duk hanyar da ta fi saurin kai shi kushewa. Amma fa aikin ya yi tsabta, ko ɗaya ba ka tsallake ba."

Shugaba ya buɗe mini tafin hannu. Na ɗora mabuɗi, na juya na nemi gafarar baƙo.

Har yau a ɗakin malamai Malam Tarawa ake kirana, kuma ina amsawa. Tun ina yaro nake jin cewa faɗuwar wani tashin wani, sai da na yi furfura kwamfuta ta fassara mini. Yanzu ko albishir aka yi mini, kafin in ba da goro sai na tambaya: ribar wa?