Farfesa Jadawali

Idan ana maganar ɗaliban da Allah ya yi wa baiwar tsari a tsangayar kimiyya, to kowa ya ja baya, Farfesa Jadawali ya wuce gaba. Ba jami'a ce ta ba shi farfesancin ba, don aji uku yake tukuna. Abokan ɗakinsa ne suka naɗa shi, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, bai ga abin dariya a ciki ba.

Wanda bai ga jadawalin karatunsa ba bai ga aiki ba. Kwali huɗu ne aka haɗe da gam, sun cinye bangon gadonsa har sun leƙa na maƙwabci. Ja na kemistiri, shuɗi na lissafi, kore na fiziks, ruwan ɗorawa na hutun ƙwaƙwalwa. Mai hassada ne kaɗai zai ce ruwan ɗorawar ya fi yawa. Sati biyu ya kwashe yana ja da rula. Da ya gama sai ya lura sati biyun nan ba sa cikin lissafi, ya yage ya sake sabo. Haka aka yi ta tuƙa da warwara. Awa ɗaya ta kuɓuce, jadawali ya gurɓace, mai tsari kuwa ba ya karatu a kan gurɓataccen jadawali. Littafinsa na kemistiri har yau ƙamshin shago yake yi.

Da yake ba marowaci ba ne, duk Asabar yakan tara 'yan aji ɗaya ya sammusu ilmi. Sai ya hau dandamali cikin farar rigar ɗakin gwaji, ko da yake ba abin da za a gwada.

"Ƙannena," in ji shi, "jaki ma yana aiki tun safe har yamma, wa ya taɓa ba shi digiri? Tsari shi ne karatu. Ni nan da kuke gani, ban taɓa buɗe littafi haka kawai ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Akwai wata 'yar aji ɗaya mai tabarau da ke zama can baya, tana warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa a bayan takardun da aka yar. Ba ta da kwali, ba ta da alƙalami mai launi. Da ita Farfesa ke buga misali in zai nuna yadda ake wahalar banza.

Abin da almajiransa ba su sani ba shi ne, kemistirin aji ɗaya, wanda suke yi yanzu, ya kayar da malaminsu sau biyu. Malamar kwas ɗin, wata dattijuwar Dakta, ta kira shi ofis.

"Ɗana, doka sau uku ta ce. Ka sake faɗuwa, sai ka tattara kayanka."

"Ranki ya daɗe, da za ki ga tsarin da na yi wa zangon nan..."

"Ni takardar amsa nake dubawa, ba bango ba."

Ya fito daga ofishin. Tsoro ya kama shi na gaske, musamman da ya tuna mahaifinsa, direban da ke gaya wa duk fasinjan da ya zauna a gaba cewa ɗansa masanin kimiyya ne. Tsoron ya sa ya ɗauki babban mataki, ya sake zana jadawali.

Saura kwana huɗu jarrabawa, ya sami Mai Tabarau a laburare, ya gyara murya.

"Ƙanwata, wani bincike nake yi a kan yadda ƙananan ɗalibai ke fahimtar darasi. Ki koya mini kwas ɗin nan daga farko, kamar ban san komai ba."

"Kamar ba ka san komai ba, Yaya?"

"Kamar."

Ta fara. Kafin la'asar ta yarda cewa ba ta taɓa ganin wanda ya iya kwaikwayon rashin sani kamarsa ba. Ta ci gaba da jan shi shafi bayan shafi, kwana huɗu cur.

Rana ba ta ƙarya. Da ya shiga zauren jarrabawa, almajiransa suka fara raɗa cewa Yaya Farfesa ya zo sa musu ido. Ya ɗaga musu hannu irin na manya. Sai mai tsaron jarrabawa ya ɗaga murya: "Masu maimaici, layin bango." Farfesa ya goya hannu a baya, ya taka a hankali kamar mai duba gini, yana ɗan ƙwanƙwasa tebura. Da ya kai layin bango ya zauna, bai sake waiwayowa ba.

Sakamako ya fito. Mai Tabarau tamanin da ɗaya. Farfesa arba'in cif, daidai bakin tsira. Ya tsaya gaban allo yana karanta lambarsa sau uku, har idonsa ya kawo ruwa don murna. Da ya ga jama'a sun taru, sai farfesancin ya dawo.

"Ƙannena, ku dubi nan ku ɗauki darasi. Arba'in ake nema, arba'in na kawo. Ko maki ɗaya ban yi almubazzaranci da shi ba. Wannan shi ne tsari."

Dakta ce ke wucewa da takardu a hammata. Ta tsaya, ta dubi allon, ta dube shi.

"Talatin da takwas ka kawo, ɗana. Biyun nawa ne. Shekara uku ina karanta rubutunka, na gaji."