Gigina Ta Rasu a Rumfar Kaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ya tumbatsa, ni Nerina Gavioli ta Ponte Basso, matar marigayi Oreste mai gyaran takalma, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da ma waɗanda za su ji daɗi a ɓoye, rasuwar motata Gigina. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a rumfar kajina, bayan wata jinya da zan yi bayaninta a ƙasa. Ta bar duniya tana da shekara hamsin da 'yan kai. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, don a nan dai ba ta huta ba.

Marigayiya 'yar ƙarama ce, kalar madara, mai zagayen fuska. Ba ta taɓa tsere da kowa ba, ba ta kuma taɓa fitowa a jarida ba. Amma babu gidan da ke garin nan da bai ci moriyarta ba. Ta ɗauki cuku sukutum guda a kujerar baya, ta ɗauki tulun tsimin inabi, ta ɗauki ɗan alade mai rai daga kasuwar Modena bai ko yi kuka ba. Shekarar da ruwa ya tsuge ranar bikin waliyyin garinmu, ita ce ta mayar da mutum-mutuminsa coci, kansa a waje ta rufin, Fada Celso na riƙe da ƙafafunsa. Matan da ta kai asibiti suna naƙuda ba zan lissafa su ba, amma zan ambaci ɗaya: maƙwabciyata Zaira Malagoli, wadda a wancan lokacin ba ta ga ƙanƙantar motar ba.

Mai riƙon amana ce. Duk maganar da aka yi a cikinta tsakanin coci da kasuwa, a cikinta ta tsaya. Idan wata ta fita, ta bakina ta fita, ba ta nata ba.

Muryarta kuwa har yanzu tana kunnena. Da safe sai ta ce kuhu, kuhu, ta ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce tarrr. Hon ɗinta fiit ne, irin na agwagwa mai mura. Ba a faɗin aibin mamaci, saboda haka ba zan ce komai ba game da ƙofar hagu da ba ta buɗuwa sai ta waje.

Yanzu sai batun jinya. Mutane na ta tambaya, wasu kuma na ta ƙari, gara a ji daga bakina.

Kowa ya san mijin Zaira, marigayi Ivano, ya sayar da gonar ubansa tun muna da ƙuruciya ya sayi jar mota irin ta tsere, cikin waɗanda ake ƙerawa nan kusa da mu. Kujera biyu gare ta, ko kwandon kasuwa ba ya shiga. Ya ɗan zagaya da ita, wata rana ta kusa kai shi cikin rafi a kwanar injin niƙa, ya dawo gida ya tura ta rumfar bayan gida ya rufe. Tun daga nan ba ta sake taka titi ba. Ba ta kai kowa asibiti ba, ba ta ɗauko ko burodi ba. Tantabaru suka mayar da ita banɗaki. Zaira kuwa, da muka zauna benci ɗaya a makaranta, na san ta sarai: mace ce da idan ta share tsakar ɗaki sai an yi zancen a gari. Ba ta taɓa kai wa motar nan tsumma ba.

To, farkon bazarar bana sai ga wasu samari daga Milano, masu gwanjon tsofaffin motoci, da takalma masu sheƙi. Babbansu wani dogo ne mai farar safar hannu, wai shi Dottore Brambilla. Ina tsaye ta katanga ina shanya, don a ranar shanya ta yi min yawa. Da aka buɗe rumfar, wari ya bugo har gidana. Na ce to, yau asirin Zaira ya tonu. Sai na ga dogon nan ya dafe ƙirji kamar ya ga wahayi. Ɗaya daga cikinsu ya kai hannu zai share gilashi, dogon ya daka masa tsawa.

"Kada ka taɓa! Ka san abin da kake shirin gogewa?"

Ya juya wajen Zaira. "Mama, ba ki taɓa wanke ta ba? Ko sau ɗaya?"

Zaira ta gyara tsayuwa ta ce, "Ni? Allah ya kiyaye. Na san darajar abu."

Jama'a, ku ji fa. Wai ta san darajar abu.

Ashe a wajen mutanen nan ƙura ita ce shaida. Motar da aka tsinta a rumfa da ƙurarta da saƙar gizonta ta fi wankakkiya daraja, kuma wadda ba ta je ko'ina ba ta fi wadda ta yi wa mutane aiki. Suka yi ta ɗaukar hoton kashin tantabaru ta kowace kusurwa. Suka ce a bar ta yadda take har zuwa gwanjon kaka, inda za a ɗora ta a kan dandamali, a kunna mata fitilu, masu kuɗin duniya su yi ta ɗaga hannu. Ƙazantar da muka yi shekaru muna yi wa Zaira dariya a kanta, ita ce aka buga a littafi mai santsi, har shafi biyu.

Daga ranar Zaira ta fara zuwa sayen burodi da baƙin tabarau. Ta same ni a shagon Gemma ina ajiye Gigina a bakin hanya, ta ce a gaban kowa:

"Nerina, har yanzu tukunyar nan na tafiya? Ki kawo ta in sa yarana su duba miki, ko za su samu mai neman abin shuka fure."

Na ce, "Tukunyar nan ce ta kai ki haihuwar Fabrizio, kina ihu kina yagar min kujera."

Ta ce, "Ai shi ya sa ba ta da daraja. Kowa ya hau."

Matan shagon suka kwashe da dariya. Gigina na nan a waje, taga a buɗe. Na tabbata ta ji.

A nan na ƙudurta cewa ko ta wane hali sai an ga Gigina a gaban jar motar nan, a idon mutanen garin nan, ko da sau ɗaya ne. Na wanke ta da sabulun wanki, na goge ta da man zaitun, na saƙa mata sabuwar rigar kujera. Da dogon ya dawo na tare shi a ƙofa.

Ya zagaya ta cikin ladabi, ya leƙa wajen da ake ganin nisan tafiya. Ya ce, "Mama, motar kirki ce. Amma ta yi tafiya da yawa."

"To mota ba don tafiya aka yi ta ba, ɗan nan?"

"Haka ne. Amma masu sayenmu sun fi son wadda ta zauna. Kuma irin wannan an ƙera su da yawa. Ga shi kin wanke ta tas, babu wani tarihi a jikinta."

"Tarihin ne ƙura?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kusan haka ne, Mama."

To, ni ban yi zurfi a makaranta ba, amma idan aka yi min bayani ina ganewa. Zama ake so da ƙura. Washegari na tura Gigina rumfar kaji, na sauke gilasai, na rufe ƙofa. Tun daga lokacin furen itatuwa har aka yanke inabi ban tayar da ita ba. Da ƙafa na riƙa zuwa kasuwa, da gwiwoyin nan nawa da kowa ya san halinsu. Duk sharar da na yi, a kanta nake juyewa. Na ƙara da tokar murhu da ɗan garin alkama don abin ya yi kauri. Har gizo-gizo na kamo daga ɗakin ƙararrawar coci a cikin kwalba, don na can sun fi iya saƙa. Kajina ma, Allah ya saka musu, sun yi iya ƙoƙarinsu.

Ranar Talata dogon ya zo auna ƙofar rumfar Zaira saboda motar da za ta ɗauki jar. Na kira shi na buɗe tawa rumfar. Zaira ta leƙo ta katanga, wai ita ma shanya take yi, matar da ba ta wanki.

Ya cire safar hannu, ya shafa da yatsa, ya shinshina. Ya dube ni.

"Mama, wannan ƙurar sabuwa ce."

"Ƙura ma tana da shekaru?"

"Sosai. Kuma wannan da gari a ciki. Da an zuba ruwa sai ta zama taliya."

Zaira ta yi dariya har tabarau ya faɗo mata. Ta ce, "Nerina, ƙazanta ma baiwa ce, ba a koyonta da tsufa!"

Na kori kazar da ke kan kujera, na shiga, na zauna a kan ƙwai biyu ban nuna na ji ba. Niyyata in fito da motata in wuce su da mutuncina, in bar musu hayaƙi. Na murɗa makulli.

Gigina ta ce kuhu.

Na jira na biyun. Na jira tarrr. Shiru.

Atos bakanike, wanda ya duba ta tun tana budurwa, shi ya zo ya buɗe injin. Ɓeraye suka watse ta ko'ina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa.

"Nerina, sai haƙuri. Sun cinye wayoyin, injin kuma ya daskare. Ke ma kin san irin waɗannan ba sa son zama. Motar da ta saba fita kullum, kika kulle ta da kaji?"

Na ce, "Ta Zaira ai ta fi haka zama."

Ya ce, "Ita wannan ai ta daɗe da mutuwa. Gawa za su saya."

Wannan maganar ce kaɗai ta ɗan sanyaya min rai a ranar. Amma ina so a sani ban yarda da batun ɓeraye ba. Atos ƙarfe ya sani, bai san zuciya ba. Baƙin cikin maganar da aka yi mata a ƙofar shagon Gemma ne ya kashe Gigina, kuma wadda ta yi maganar ta san kanta.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, ni da gwiwoyina. Ta bar 'yata Loretta da ke Bologna, wadda da na buga mata waya ina kuka ta ce wai dama ya kamata in daina tuƙi. Ta bar safayar taya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, wadda bisa ƙa'idar mutanen Milano ita ce mafi daraja a gidan. Ta bar kaza mai kwanci a kujerar baya, da marayun ɓeraye masu yawa, waɗanda ba a gayyace su ba.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Na riga na yi mata wanka da hannuna, ba za ta tafi da ƙurar kowa ba. Za a fito da ita daga ƙofar gidana ranar Asabar da safe, bayan ƙararrawar coci. An shaida min cewa a daidai wannan lokacin ne babbar motar masu gwanjo za ta fito daga gidan Zaira da jar motar a bayanta cikin akwatin gilashi, kuma Zaira ta gayyato masu ɗaukar hoto har da na talabijin su jira a dandalin gari. Wannan dacewa ce kawai. Haka nan dacewa ce cewa gidana ya fi nata kusa da bakin titi, kuma titinmu mota ɗaya yake ɗauka har a haye gada.

Janwen Atos zai jira a ƙetaren gadar ya kai ta makwancinta wajen masu ƙarafa. Daga gida zuwa can kuwa da hannu za a tura ta. Tsofaffin da ke karta a shagon kofi sun ɗauki nauyin turawa, ƙaraminsu ya haura saba'in. Fada Celso ya ce shi ba ya yi wa ƙarfe addu'a, na tuna masa wadda ke naɗe masa tortellini, taliyar nan mai nama a ciki, duk bikin coci, ya ce zai dai taka a gaba. Masu busa na gari za su zo da kayansu. Direban Milano, idan bai sani ba, a sanar da shi: a garin nan ba a wuce gawa, ba a kuma yi mata hon. Ana tsayawa a baya, a cire hula.

Ba a bukatar furanni. Wanda ke son taimakawa ya zo da baƙin kaya ya cika titi. Bayan an dawo akwai giya da soyayyen burodi a gidana ga duk wanda ya raka ta.

Zaira, ke ma an ba ki wuri, a baya, tare da motarki da aka ce tana gudu kamar iska. A hankali za mu tafi. Ni ce a gaban gawa, kuma duk inda gwiwata ta ce in tsaya in huta, zan tsaya.