Ranar da Na Talauta Alhaji Mudi a Gaban Jama'a

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Challawa ba, ranar da na tsaya gaban mutum kusan talatin na sanar da su, da bakina, cewa Alhaji Mudi ba shi da kuɗin sayen takalmi. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cin abinci, sai na ajiye cokali na yi salati.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jimar fata, ina kan injin da ke gyara gefen fata. Kai, Allah sarki zamani! Da sassafe mukan taso daga Zawaciki a kan kekuna, mu yi ayari muna tsokanar juna, warin jima ya tarbe mu tun kafin mu hango ƙofar kamfani. Watan farko warin nan ya hana ni cin abinci. Daga baya kuwa in na yi hutu sai in ji kamar na yar da wani abu. A wurin aiki Injiniya ake kirana, ba don na taɓa taka jami'a ba, sai don na iya buɗe wa mutane shafi a waya, kuma na taɓa gyara rediyon maigadi (batir ne kawai aka sa a juye, amma ban gaya wa kowa ba).

A bayan katangar kamfanin akwai rumfar Malam Isuhu, baduku mutumin Maraɗi, wanda ya kusa haifata. Da guntayen fata yake ɗinka takalma da jakunkuna, kuma wallahi in ya gama ba za ka ce ragowa ba ce. Guntayen kuwa wani ɗan kasuwa ne, Alhaji Mudi, yake kwashe su daga kamfanonin Challawa da Sharaɗa da Bompai, yana sayar wa dukawa. Saboda tsohon sabo, duk ranar da kaya suka sauka Malam Isuhu ake fara kira ya zaɓa kafin kowa ya taɓa. Wannan zaɓen farin shi ne duk sirrin sana'arsa. In babu shi, takalminsa daidai yake da na kowa.

Ni ne na addabi bawan Allahn nan sai mun buɗe kanti a intanet. Na ɗauki hotunan takalma a kan farin zanen matata (ba ta san da shi na fita ba), na rubuta farashi, shafi ya yi kyau. Saura hanyar da mai saye zai biya da katinsa na banki. A nan na zauna na yi mako guda ina bincike, ina kaɗa kai kamar wanda zai zaɓa wa ƙasa shugaba.

Kamfanoni uku na samu. Na farko na nan gida ne, mai sauƙi, matar wani abokin aikinmu ma da shi take sayar da turare ba ta taɓa kuka ba. Na raina shi saboda wannan dalilin. Na biyu kuɗin da yake cira kaɗan ne, amma shafinsa ya yi mini muni. Na uku kuwa da ka buɗe sai taswirar duniya ta fito tana juyawa, an rubuta cewa yana karɓar kati daga kowace ƙasa. Shi ke nan, na tafi. Nan take na hango wani Bature a Landan yana gwada takalmin Malam Isuhu gaban madubi.

"Injiniya," in ji Malam Isuhu, "mutanen Hotoro ma ba su gama sanin takalmina ba. Ina ruwana da Landan?"

"Malam, ku dai ku yi ta ɗinki. Duniya ta ci gaba."

Takardar rajista doguwa ce, duk da Turanci. Na karanta layi biyu na farko, sauran na dinga danna amincewa ina wucewa, don ana jirana a wurin mai shayi.

Da na gama, Malam Isuhu ya ce mu gwada da katina mu ga ko abin yana aiki. Na ƙi. Na ce, "Haba Malam, ku da kanku kuka koya mini, cinikin farko hannun babba ne ke buɗe shi." Gaskiya ne kuwa, duk sanda ya fito da sabon samfuri ba ya sayar wa kowa sai Alhaji Mudi ya fara saye ya sa albarka. Malam Isuhu ya ce na fi shi gaskiya, har ya ji daɗi na riƙe al'ada. (Abin da bai sani ba, tun tsakiyar wata katin nawa ba komai a cikinsa sai suna.)

Muka sa ranar Asabar bayan La'asar, lokacin da 'yan aikin safe suka tashi. Na aro talabijin daga gidan kallon ƙwallo na haɗa da kwamfuta, don kowa ya ga tarihi da idonsa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo gurasa da lemo. Na sa shaddata ta Sallah. Alhaji Mudi ya iso da abokansa biyu, manyan 'yan kasuwar fata, turare yana tashi har ya danne warin jima. Aka yi addu'a aka shafa.

Ni ne mai jawabi, ni ne tafinta. Duk abin da ya fito a allo sai in karanta da ƙarfi in fassara wa jama'a, ana ta cewa, "Ikon Allah!" Alhaji ya nuna wani baƙin takalmi na dubu goma sha biyu.

"To, ina wurin da ake tayawa?"

"Ranku ya daɗe, wannan kasuwar ba a tayi."

"Lalle kasuwar marasa kunya ce," in ji shi, aka kwashe da dariya. Ya zaro kati ya miƙo mini.

Na shigar da lambobin, ya matso ya sa lambar sirrinsa da kansa. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa a allo. Sai ga jan rubutu, ɓaro-ɓaro, a talabijin mai faɗin ƙofar ɗaki. Bakina kuwa ya riga ya saba, kafin hankalina ya iso na riga na fassara.

"An ce babu isasshen kuɗi a katin."

Alhaji ya yi ɗan murmushi ya ce a sake. Na sake, jan rubutu ya sake fitowa. Da a nan na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Ni a raina taswirar duniyar nan ba ta kuskure. Sai na rusuna, na sassauta murya irin ta mai rufa asiri (a wurin da ko ƙuda ya gifta sai an ji), na ce:

"Alhaji, ko dai an manta ba a zuba wa katin nan komai ba? In ba damuwa, akwai wani na dubu bakwai, shi ma yana da kyau."

Ɗaya daga cikin abokansa ya hau tarin da babu shi. Alhaji ya karɓi katinsa a hankali ya mayar aljihu. Ko kallona bai yi ba. Ya juya ga Malam Isuhu ya ce, "Isuhu, dama abin da ka tara mini jama'a ke nan?" Ya shige mota, abokansa suka bi shi.

Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba Malam Habu, akawun kamfaninmu, ya sa tabarau ya matso gaban allo.

"Injiniya, wannan alamar da ke gaban dubu goma sha biyun, ta naira ce?"

Na duba. Ba ta naira ba ce. A cikin abubuwan da na danna ina sauri, na amince a riƙa sayar da kayanmu da dalar Amurka. Wato miliyoyin naira na nemi cira daga katin Alhaji a kan takalmi guda, sannan na tausaya masa da ya kasa. Jama'a suka yi ta dariya har da masu kwanciya a tabarma. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Malam Isuhu ya tattara takalmansa ɗai-ɗai yana kaɗe su.

Ran Litinin kaya suka sauka, ba a kira shi ba. Ran Alhamis ma haka. Na leƙa rumfarsa na tarar yana jujjuya wata fata mai tabo da ya samo a ragowar da wasu suka bari. Ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na hau keke zuwa ma'ajiyar Alhaji a Sharaɗa. Na same shi zaune da abokan nan biyu. Na durƙusa na gaishe su, na ce ina son magana da shi a keɓe.

"A gaban mutane ka faɗa, a gabansu za ka gyara."

Na kwashe komai na faɗa, tun daga taswira har zuwa katina da ba komai a ciki. Abokan suka yi dariya har da hawaye, ɗayan yana cewa ashe Isuhu gidaje yake ɗinkawa ba takalma ba. Alhaji ya bari suka gama, sannan ya ce:

"Ɗana, kowa yana kuskure. Abin da ya ƙona mini rai, ka ga ja a allo, ba ka zargi na'urarka ba, ba ka zargi kanka ba, ni ka zarga. Kuma saura kaɗan ka raba ni da mutumin da muka yi shekara da shekaru tare. Je ka ce masa ya zo gobe ya zaɓa."

Mun koma kamfanin nan na gida da na raina, kuma sai da na gwada shi sau uku a ɗaki kafin kowa ya gani. Kantin ya yi 'yan shekaru, mun sayar har Kaduna da Jos, Baturen Landan dai bai taɓa leƙowa ba. Daga baya idon Malam Isuhu ya yi rauni ya koma Maraɗi, ni ma na bar kamfanin jimar. In na bi ta Challawa yanzu nakan rage gudu a bayan katangar nan, ina kewar mutanen da suka yi mini dariya.

Abin da na tsira da shi kaɗan ne. Duk abin da zan miƙa wa babba a gaban jama'a, sai na fara kunyata kaina da shi a ɗaki. In kuma na ga jan rubutu, bakina nake fara kamawa.