Ranar da Na Shinshina Bango

Ko zan manta komai, ba zan manta da damunar bara ba, lokacin da bangon gidanmu na hanyar Tagwai ya fara jiƙewa daga ƙasa har gwiwa, da wani fari-fari kamar gishiri. Gefen nan kuwa lungu ɗaya muke da Baban Joshua, mutumin kudancin Kaduna, malamin kimiyya a sakandare. Yaransa huɗu, duk maza. Nan take na yanke hukunci: fitsari ne.

(Ni in na hau dokin zuciya, ba na jin kira.)

Matata ta ce, "Malam, bi a hankali. Mutanen nan duk Kirsimeti mu suke fara kawo wa shinkafa." Na ce su riƙe shinkafarsu. Na kira mai unguwa, na tara maƙwabta, har na durƙusa a gabansu na shinshina bangon, na ɗago na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi zarni ne."

Baban Joshua bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baban Halima, ka yarda mu duba ciki?" Muka shiga har ɗakin kwanana, aka janye wadirof. Ga jiƙa nan a bango huɗu, har da fumfuna.

"To," in ji shi, "sai dai in yarana suna da makullin ɗakinka."

Mai unguwa ya kama tarin da ba na mura ba. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan Baban Joshua ya yi bayani: bulo cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwan ƙasa in ya shiga matsi irin wannan hawa yake yi, kamar kananzir a lagwani. Ya tambaya ko an shimfiɗa leda a tushe don tare ruwa lokacin gini. Ba a shimfiɗa ba, don ni na ce leda ta ƙulla koko ce.

Na ba da haƙuri, amma na daina bin lungun. Na tabbata zumunci ya mutu, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Ranar Kirsimeti sai ga Maman Joshua da kula cike da shinkafa. Ta ajiye ta ce, "Baban Joshua yana gaishe ka. Ya ce a gaida hanci."

Na cinye shinkafar tas. Tun daga nan, kafin in zargi kowa sai na fara janye wadirof, kuma ban ƙara shinshina komai a gaban shaidu ba.